Wanda Ya Zauna a Kujerar Direba

Shafi na 14

Saura ƙiris in bar shafin nan ban rubuta ba. Sau uku ina farawa ina gogewa. Masu cewa na yi shiru da yawa, ku yi haƙuri, ga shi.

Auta ba ta yi niyyar taka garejin ba. Da mijinta bai yi tafiya ba, shi zai je ya zaɓi kalar fatar kujerun, ita ko a jikinta. Tun ranar da Baffa, ƙanin babanta, ya kawo mata makullin jar motar ya ce, "Babanki na asibiti, ya ce a ba ki, taki ce," sharaɗi ɗaya ta kafa wa mijin. In gyara zai yi, to a fitar da kujerun nan biyu, a cire maleji da duk agogunan da ke gaban direba, a sa sababbi. Ba ta son sake ganin abin da idonta ya gani ranar da motar ta cinye mata ƙafa.

Shekara goma sha tara ke nan, tana 'yar shekara biyar. Kowa ya san labarin. Babanta, wanda ake kira Dogo, ya ɗauki 'yarsa a motarsa mai ƙofa biyu, ya ƙure maleji, ya daki kwalbati. Shi ya fito lafiya, ita har yau jan ƙafar hagu take yi.

A makon nan kaɗai sau uku Baffa na kira yana cewa jikin babanta ya yi tsanani, ita yake ta nema. Sau uku tana cewa, "Allah ya ba shi lafiya," ta kashe wayar.

Ta tarar da motar a ƙarƙashin rumfar kwano. An riga an gyara gabanta, fenti sai ƙyalli yake, amma cikinta a kwashe. Kujerar fasinja na jingine da bango, soson ya ruɓe yana zuba kamar gari. Ƙafafun mai gyaran wayoyin mota, wanda suke ce wa Shokin, sun leƙo ta ƙofar direba, sauran jikinsa na ƙarƙashin sitiyari.

Mai Kushin, dattijon da ke ɗinkin kujerun mota, mai tabarau ɗaure da zare, ya jawo mata benci.

"Sannu da zuwa, 'yata. Zauna daga nan, can akwai baƙin mai."

"Na gode, Baba. Ina fatun? In zaɓa in tafi."

Ya miƙo mata yanka uku, baƙa da ruwan ƙasa da ruwan madara. Amma bai saki ba.

"Kafin ki zaɓa, tambaya gare ni. Bayan babanki, wa yake tuƙa motar nan?"

"Ba kowa. An ce ko wanki ba ya bari a yi masa."

"Haka na san shi. Mu tsofaffin masu mota duk mun san Dogo. In ya shigo nan sai ya sunkuya yake wuce wancan katakon."

"To me ya faru?"

"Taso ki gani."

Ba ta so ba, amma ta tashi. Warin tsohuwar fata ya bugi hancinta. Mai Kushin ya kifa kujerar direba a kan tebur, ya nuna mata ƙarfe biyu dogaye a ƙasanta.

"Kujerar mota a kan waɗannan take tafiya gaba da baya, kamar aljihun tebur. Gajere ya jawo ta gaba, dogo ya tura ta baya. Kin gane?"

"Na gane."

"To dubi nan. Ranar haɗarin ƙarfen ya lanƙwashe, ya cije a inda yake. Na zuba mai, na sa guduma, ko motsi. Kin ga inda ya cije?"

Ta duba. Ba ta ga komai ba sai tsatsa.

"Ramin ƙarshe ne na gaba," in ji shi. "Ba inda ya fi nan kusa da sitiyari. Mutum mai tsayin babanki in ya zauna a haka, gwiwarsa ma ba za ta shiga ba."

Auta ta girgiza kai.

"A'a, Baba. Ranar da aka jawo motar, mijina ya zauna a ciki. Kujerar a baya take sosai, har dariya ya yi wai ƙafarsa ba ta kai birki."

"Shi ne abin da ya hana ni cin abincin rana. Shokin, janye ƙafafun nan naka."

"Kullum ƙafata ce ta tsare maka hanya," in ji Shokin daga ƙasa. "Wata rana zan bar ta a gida."

Dattijon ya yaye kafet ɗin ƙasan motar. Ga ramuka huɗu masu kyau a jere, babu komai a cikinsu. Baya da su, kamar taƙi ɗaya da rabi, ga waɗansu huɗu a karkace, bakinsu duk ya yage.

"Na gaban, na kamfani ne. Na bayan, hannu ya huda su. Wani ya kwance kujerar gaba ɗaya da ƙarfenta, ya matsar da ita baya, ya sake ɗaurewa. Dubi notikan da na ciro, ba guda biyu iri ɗaya. Wannan ma na keke ne."

Shokin ya fito yana karkaɗe riga, ya leƙa.

"Da ni na yi wannan aikin, da ka zage ni har jikokina."

"Ba aikin maras sani ba ne," in ji Mai Kushin. "Aikin mai sauri ne, wanda hannunsa ke rawa."

Auta ta sake leƙa ramukan.

"Ƙila... ƙila daga baya ya so ya sake tuƙa ta."

"Da gaba a murƙushe? Mijinki ya ce tun ranar tana ƙarƙashin tampol. Mutum ba ya gyara wa kansa wurin zama a motar da ba za ta tashi ba, 'yata."

Shokin ya sosa ƙeya. Ya kalli dattijon, dattijon ya ɗaga masa kai. Sai ya ɗauko wani abu zagayayye daga kan dashbod ɗin gaban direba, naɗe da tsumma.

"Hajiya, ni ma ina da nawa. Maigidanki ya ce in duba ko tsohon malejin zai gyaru a ajiye shi tarihi. Gilashin ya farfashe ya yi fari fat, ba a ganin komai. Ɗazu na ɓamɓare bakin."

Ya buɗe tsumman.

Baƙar fuska, fararen lambobi. Wani ɓallin gilashi ya nutse ciki ya danne allurar.

"Karanta da kanki."

Ta karanta. Ta sake karantawa.

"Talatin da biyar."

"Talatin da biyar. Babur ɗina in ya yi fushi yana wuce haka."

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma ya haɗiye tasa.

"Cewa aka yi ya haura ɗari da arba'in," in ji Auta, muryarta can ƙasa. "Ƙila daga sama allurar ta faɗo."

"In faɗowa ta yi, sifili za ta koma. Wannan nan take gilashi ya kama ta. Dubi inda ya ƙarce fenti, wuri ɗaya ne, ba ja."

Ta dafa ƙofar motar. Shekara goma sha tara tana jin ɗari da arba'in a bakin kawunnanta, 'yan uwan Mama. A wajen suna, a wajen gaisuwa, duk inda aka ga tana jan ƙafa.

"Baba, wanda ya zauna a kujerar nan... tsayinsa kamar nawa?"

Mai Kushin ya ɗaga hannu ya tsayar da shi daidai kafaɗarsa.

"Bai wuce nan ba. Ni dai ƙarfe nake karantawa, 'yata. Ban ce kowa ba."

Ta karɓi malejin daga hannun Shokin, ta cusa a jaka da tsumman duka.

"Kalar fa?" in ji dattijon.

"Ku dakata tukuna. Kada a taɓa komai."

Da la'asar ta isa gidan Mama. Ta same ta a tsakar gida tana kwashe shanya, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa tana miƙa hannu ta kamo igiyar. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yatsun nan.

"A'a, Auta ce? Ba waya ba komai? Zo ki kamo mini zanin can, tun ɗazu yake raina ni."

Ta kamo zanin. Suka shiga ɗaki. Mama ta zube kayan a kan gado ta fara ninkewa.

"Me ya samu fuskarki? Ko kewar mai tafiya ce tun yanzu?"

"Mama, kin iya mota?"

"Ni? Ko keke ban iya ba. Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ko sau ɗaya ba ki taɓa riƙe sitiyari ba?"

"Ke, in wasa kika zo yi, ninke mini zannuwan nan."

Auta ta zuge jaka. Ta ciro malejin, ta warware tsumman, ta ajiye shi a kan fararen kayan da aka ninke.

Mama ta kalle shi.

Rigar da ke hannunta ta zame ta faɗi ƙasa. Ba ta sunkuya ta ɗauka ba.

"Ina kika samo wannan?"

"Kin san shi ke nan."

"Ɗauke shi daga kan gadona."

"Sun yaye kafet, Mama. Sun ga inda aka matsar da kujerar. An ce mai tuƙin bai wuce kafaɗar wani tsoho ba."

"Makanikai me suka sani? Surutu ne kawai da..."

"Karanta mini lambar."

"Auta."

"Don Allah karanta mini."

Mama ta zauna a bakin gado a hankali. Ba ta kalli malejin ba.

"Ba sai na karanta ba. Na san inda take. Cewa ya yi kada in bari allurar ta wuce arba'in. Ita nake ta kallo. Ita kaɗai. Ban ɗaga ido na kalli hanya ba sai da na ji ƙara."

Auta ta zo da tambayar, ta kuma san amsar tun a gareji. Duk da haka sai ta ji ɗakin ya yi mata nisa. Ta laluba bango ta sulale ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ni na dame shi ya koya mini. Wata biyu muna fita bayan gari, ba wanda ya sani, don kawunnanki sun ce ba 'yar gidanmu da za ta yi tuƙi. Kullum a cinyarsa kike zama. Ranar ya ce hannuna ya faɗa, zai sauka ya tsaya ya ga na je na dawo ni kaɗai. Ya ce ki sauko. Kika ƙanƙame kujera kina kuka, ke sai kin bi Mama. Na ce ya bar ki, ai nan da can ne."

"Shi yana ina?"

"A bakin hanya. Yana tafa mini."

Auta ta rufe ido. Abu ɗaya take tunawa a ranar, tun tana yarinya shi take gani. Babanta na gudu da ita a kafaɗa, rigarsa jina-jina, yana ta cewa, "Ni ne, ni ne." Da wannan ta riƙe shi duk tsawon shekarun nan. Ai da kunnenta ta ji ya amsa laifinsa.

"Mutane yake gaya wa," in ji Mama, kamar ta ji tunaninta. "Kafin su iso ya riga ya ciro ni ya zaunar da ni a gefe. Ba ni da lasin, ba ni da komai. Ya ce in na buɗe baki bai yafe ba. Da aka ce masu duba mota za su zo, ya ɗauki guduma da ƙusa, ya shiga inda motar take ya rufe ƙofa, ya matsar da kujerar baya. Ƙarshe ma ba su zo ba."

"Ɗari da arba'in ɗin fa?"

"Mutane suka sa. Jar mota, mai ƙara, mai ita saurayin jiya. Wani ya ce tamanin, kafin mako ya ƙare ta kai ɗari da arba'in. Bai taɓa musawa ba."

"Ke ma ba ki musa ba."

"Rantsuwa ya sa na yi, Auta. Ya ce yarinyar da ta rasa ƙafa ba za ta rasa uwa ba. Ya ce gara ki ƙi shi, shi namiji ne, zai iya ɗauka."

"Da su Kawu suka zo suka kwashe mu fa? Suka ce ba za ki zauna da mai kashe 'ya'ya ba? Nan ma rantsuwa ce?"

"Na ɗauka wata biyu za a yi a huce in koma."

"Shekara goma sha tara, Mama."

"Kullum in na ce gobe zan faɗa, sai in ga kin ƙara girma, abin ya ƙara nauyi. Amma Allah shaida ne, ban taɓa ce miki shi ne ba. Ko sau ɗaya ban faɗa da bakina ba."

Auta ta buɗe ido ta kalle ta. Ta daɗe tana kallonta, kamar yau ta fara ganin matar.

"Ba ki faɗa ba."

"Ban faɗa ba."

"Ranar da ya zo ƙofar makarantarmu fa? Ina aji shida. Ya kawo mini takalmi, ya sa an ƙara wa na hagu tudu don in daina karkacewa. A gaban 'yan ajinmu na jefa masa shi a ƙirji. Na ce ya dawo mini da ƙafata in ya isa. Kina tsaye a bayana da jakata a hannu."

Mama ta sa fuska a tafin hannu.

"Ya sunkuya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ya kalle ki. Na ɗauka kunya ce ta sa ya kalle ki. Tun daga ranar bai sake ganina ba, Mama. Ko a aurena cewa na yi in ya zo ni zan fita."

"Ki yafe mini."

"Ni za ki roƙa?"

"To wa zan roƙa? Da wane ido zan je masa?"

Auta ta yunƙura ta tashi. Ƙafar ta yi tsami, sai da ta dafa kujera. Mama ta miƙo hannu za ta taimaka mata kamar kullum. Auta ta kauce.

Hannun ya tsaya a iska.

"Kada ki tafi a haka. Zage ni in kina so. Ki faɗi duk abin da ke ranki."

"Ban san me ke raina ba."

Ta kai bakin ƙofa ke nan Mama ta ce, "Baffanki ya kira ni ɗazu."

Ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ya ce kin daina ɗaukar wayarsa. Gobe ƙarfe tara za a shiga da shi tiyata. Likitan ya ce duk mai son ganinsa ya zo kafin nan, don su ma ba su da tabbas."

"Kuma da ban zo yau ba, za ki gaya mini?"

Mama ta sunkuya ta ɗauki rigar da ta faɗi ƙasa.

Washegari tun bakwai Auta na bakin ƙofar asibiti. Ba ta kira mijinta ba, ba ta kira Mama ba. Ta tambayi ɗakin maza, wata nas mai tura keken magani ta nuna mata hawa na biyu. Matakala ashirin da biyu, ta hau su ɗaya bayan ɗaya tana riƙe da ƙarfen gefe.

Baffa na zaune a benci a baranda da flas a gefensa. Da ya gan ta ya miƙe tsaye. Ya nuna mata gadon ƙarshe, kusa da taga.

Gadon ya yi masa kaɗan. An jawo wata kujera an ɗora masa ƙafafu a kai. Gashinsa duk ya yi fari, hannun da aka sa wa ƙarin ruwa ya zama kamar kara. Barci yake, bakinsa a ɗan buɗe.

Ta zauna a kujerar roba ta gefen gadon, ta ɗora jaka a cinya. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu. Agogon bango ya nuna takwas saura kwata, ya nuna takwas. Can bakin ƙofar ɗakin an fara turo gadon da ake kai mutane tiyata.

Ya motsa. Ya buɗe ido a hankali, ya kalli silin, ya juyo ya kalle ta. Ya yi ɗan murmushin da ake yi wa baƙo.

"Sannu, baiwar Allah. Ɓatan gado kika yi ne? Mai karaya yana can baya."

Ta girgiza kai.

Ya ƙanƙance ido yana ƙare mata kallo.

"Wurina kika zo? Yi haƙuri, idon ya tafi. 'Yar wa ce ke?"